Kifi Uku a Kan Baƙin Kwali

Portgarvie,
9 ga Nuwamba, 1970

Zuwa ga Kawu Hector,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Halifax. Mu nan lafiya muke, sai dai Kaka da tari ya sa gaba tun da sanyi ya shigo.

Ba ka san ni ba. Sunana Ishbel Mair, shekarata goma sha biyar. Ni 'yar Nettie ce, ita kuma Nettie 'yar yayarka Mina ce. Idan Mama ta ambace ka, Kawu Hector take cewa, shi ne na ari bakinta. In bai dace ba, ka gyara mini.

Na samu adireshinka a bayan katunan Kirsimeti da kake aikowa. Suna cikin gwangwanin biskit a ɗakin Kaka, ƙarƙashin zannuwan gado. Ba bincike na je yi ba, zanin gado aka aike ni ɗaukowa. Guda arba'in da biyu ne, an jera su bisa shekara. Mama ta ce Kaka ba ta taɓa amsa ko ɗaya ba, kuma ba a kiran sunanka a gabanta. Ban san dalili ba. Kaka ba ta san ina rubuto maka ba.

Ga abin da ke tafe da ni. Makarantarmu za ta cika shekara ɗari a watan Afrilu. Malama Geddes ta ce kowane ɗan aji huɗu ya zana tambarin kansa, irin wanda ake yi a jikin garkuwa, a fenta shi a katako a rataye a babban zaure. Ranar bikin kowa zai tsaya a gaban iyaye ya faɗi ma'anar nasa. Tsayuwar nan ce ta fi damuna. Ni ko a aji aka kira sunana, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Mama ta ce sana'arka ke nan, kana zana wa mutane tambari a can Kanada. Shi ne na ce bari in gwada. Ga zanena na farko a cikin ambulan: zaki a tsaye, da kambin sarauta, da takobi biyu, da jirgin ruwa, da littafi. Na ga yawancin na littafin laburare haka suke.

Idan ka samu sukunin amsawa, don Allah ka aiko ta makaranta, a hannun Malama Geddes, kada ta zo gida. Idan kuma ba ka samu ba, ba zan ga laifinka ba.

Taka cikin ladabi,
Ishbel Mair

Halifax,
28 ga Nuwamba, 1970

Ishbel jikata,

Takardarki ta zo. Sau uku na karanta ta a tsaye kafin in tuna akwai kujera a shagon. Lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan dusar ƙanƙara tun rediyo bai faɗa ba. Ni kaɗai ne a gida, sai kyanwa. Kawun ya yi daidai, ki riƙe shi.

Na ga zanenki. Hannunki yana da kyau, layinki ba ya rawa. Amma gaya mini, yaushe zakuna suka shigo Portgarvie? A zamanina babban naman dajin garin shi ne kyanwar gidan burodi, ita ma ido ɗaya gare ta. Kambin kuma na wace sarauta ce? Ko an naɗa ki ne ban ji ba?

Kada ki ji kunya, kowa da zaki yake farawa. Manyan mutane suna shigowa shagona suna neman zaki uku da mikiya, alhali kakansu kabeji ya noma. Nakan ce musu kabejin ya fi, domin shi ne nasu.

Ƙa'idojin aikin ba su da yawa. Tambari na mutum ɗaya ne, ba na dangi ba, kuma ba a ɗaukar na wani ko da sunanku ɗaya. Akwai launuka: ja, shuɗi, kore, baƙi. Akwai ƙarfe biyu, zinariya da azurfa, waɗanda a takarda rawaya ne da fari. Ba a ɗora launi a kan launi, ba a ɗora ƙarfe a kan ƙarfe. Farin kifi a kan shuɗi ya yi. Jan kifi a kan shuɗi bai yi ba. An yi abin ne don a gane mutum daga nesa. Ki tsaya a ƙofar coci ki hango jirage suna shigowa: wanda kika gane tun yana bakin duwatsu, shi aka yi wa fenti daidai. Kada ki wuce abu biyu. Na mace kuma, bisa al'ada, ba a garkuwa ake zana shi ba, a allo ne mai kusurwa huɗu da aka tsayar a kan tsininsa.

Saura babban aikin, wanda ba zan iya yi miki ba. Ki dubi gidanku da kyau. Me ke cikinsa wanda in an ɗauke shi, ba ke ba ce kuma? Shi za ki zana. Idan abin da ke kan allon gaskiya ne, tsayuwar za ta yi sauƙi, don an riga an yi miki rabin maganar.

Yanzu tarin nan. Busasshe ne ko mai majina? An kira likita? Mina ba ta yarda ba ta da lafiya sai ta faɗi. Har yanzu tana zabga wa kunu gishiri kamar za a ajiye shi zuwa baɗi?

Ban san tana adana katunan ba. Na ɗauka murhu suke shiga. Shekara arba'in da uku ina jiran layi ɗaya daga hannunta, ko da na zagi ne. Ba na ce ki yi mata maganata ba. Amma in wani abu ya same ta, ki sanar da ni. Idan rubutawa ta yi miki nauyi, ki zana, zan gane.

Kawunki,
Hector Coull

Portgarvie,
3 ga Janairu, 1971

Kawu,

Barka da sabuwar shekara. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, da kyanwar tana lafiya. Mama lafiya. Kaka ce ciwon ya kwantar tun washegarin Kirsimeti. Tarin mai majina ne, ya sauka a ƙirjinta. Likita ya zo sau biyu. Na farko ta kore shi, na biyu ba ta da ƙarfin korarsa, wannan ne ya tsorata Mama.

Na goge zakin. Na ji tausayinsa, don na sha wahala a kan gashinsa.

Na yi abin da ka ce, na dubi gidanmu. Kwana biyu ina zagayawa kamar baƙuwa. Abin da na gani shi ne, ko'ina ka taɓa, akwai ƙamshin kifi ko zaren ulu. Baba yana teku, kakansa ma haka. Duk suwaitar da ke jikin mazan gidan nan kuma daga tsinkayen saƙar Kaka ta fito. Tun ina jaririya da ƙararsu nake yin barci. Saboda haka na zaɓi kifi da tsinken saƙa.

Kafin ta kwanta, wata rana da la'asar ina riƙe mata zare tana naɗewa, na yi ta maza na ce, "Kaka, ku nawa ne a wurin babanku?"

Ta ce, "Miƙe hannuwanki, kin sake su kamar igiyar shanya."

Na miƙe, na sake tambaya.

Ta ce, "Ƙane ɗaya gare ni, yana cikin teku. Aikin makarantar ne ya koma tonon asiri?"

Na ci gaba da riƙe zaren. Amma da katinka na bana ya zo, na gan ta ta daɗe tana kallon jirgin da ka zana, sannan ta zura shi a aljihun gaba na rigar aikinta.

Daga baya Mama ta ba ni labarin a ɗakin wanki, ƙasa-ƙasa. Ta ce ku uku ne: Kaka, da kai, da autanku Wattie. Ta ce a kakar 1927, ranar da jirage za su tafi kamun kifi kudu, ka hau jirgin ƙasa zuwa Glasgow don ka koyi fenti. Jirgin babanku ya rasa mutum ɗaya, aka sa Wattie a gurbinka, yana da shekara goma sha shida. Igiyar ruwa ta ɗauke shi daga kan jirgin, ba a ga gawarsa ba. Ka yi haƙuri da na rubuta wannan. Na ga ya fi kyau ka san na sani.

Kawu, ina da tambaya. Ka ce tambari na mutum ɗaya ne. To ya halatta in sa wasu a cikin nawa? Wanda ya rasu, da wanda ban taɓa gani ba? Ina so kifin su zama uku. Ni dai na duba, ban ga wani abu da ke nawa ni kaɗai ba.

Kuma ina so ku yi magana da Kaka. Ban san yadda ake yi ba. Kullum idan na kai mata shayi nakan shirya kalmomin a kan matakala, in na buɗe ƙofa sai su gudu.

Taka,
Ishbel

Portgarvie,
18 ga Janairu, 1971

Kawu,

Ina gaishe ka. Cikin sauri nake rubutun nan, an ce jibi ma'aikatan gidan waya za su shiga yajin aiki, ba a san ranar komawa ba. Gidanmu ya cika da mata, ba ni da ko wurin ɗora takarda.

Ga zanen. Na yi shi irin allon nan da ke rataye a coci, a saman ƙofar gefe. Ba zan yi bayani ba, na san za ka gane.

Ishbel

Halifax,
27 ga Janairu, 1971

Zuwa ga Nettie da Ishbel,

Ina yi muku ta'aziyya. Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri. Na aiko wannan gida kai tsaye, tunda yanzu babu wanda za a ɓoye wa. Na je in buga telegiram, aka ce can wurinku babu mai karɓa. Ban san ranar da takardar nan za ta iso ba.

Ishbel, na gane. Na buɗe ambulan na ga allo mai tsini a kan baƙin fili, da tsinkayen saƙa biyu a gicciye, sai na zauna. Allon saman ƙofar gefe na sani, a gabansa na fara sha'awar fenti ina yaro, ina kallonsa fasto yana wa'azi. Na matar mai ƙasar ne, an rataye shi ranar da aka binne ta. Baƙi ta ko'ina: mace ta tafi, mijinta ya riga ta. Na ce miki in rubutu ya yi nauyi ki zana, kin kuwa zana. Na gode da ba ki bar ni na ji a bakin wani ba.

Kin tambaye ni ko ya halatta. Ya halatta. Ba wanda aka yi shi daga shi kaɗai.

Akwai abin da nake so in faɗa wa Mina, na yi ta ɗagawa zuwa baɗi. Tunda baɗin ta ƙare, bari in faɗa muku.

Ita ta rene mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana da shekara goma sha huɗu. Ita ta fara saya mini fensir mai launi. Kununta gishiri ne zalla, amma ban taɓa barin ko cokali ba, don tana tsaye a kaina da ludayi. Ba ta iya lallashi ba. Idan tana sonka, sai ta saƙa maka abu.

A waccan shekarar ta saƙa mini suwaita sabuwa don tafiyar kudu, shuɗiya, mai zanen igiya a ƙirji. Wata biyu ta yi a kanta. Da zan gudu na ninke ta na ajiye a kan gado, don na ga bai kamata in tafi da ita ba. Da na dawo a watan Disamba bayan na ji labari, ɗaya daga cikin mutanen jirgin ya gaya mini cewa ita ce a jikin Wattie ranar. Na fi Wattie tsawo da kusan taƙi guda. Hannayena kuma kun ga, dogaye ne kamar na biri.

Tun ranar nake ganin abu ɗaya. Ruwa ya taso, Wattie ya kai hannu zai kama igiya, hannun rigata ya zazzago ya rufe masa yatsu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. A gurbina ya tsaya, rigata kuma ta hana shi riƙo. Da Mina ta tare ni a ƙofa ta ce ba ta da ƙane sai na cikin teku, ban yi musu ba, don na ga gaskiyarta. Abin da ban ce ba shi ne ta yafe mini. Na ɗauka katunan za su faɗa. Jirgi nake zanawa kowace shekara, ban taɓa rubuta komai ba sai sunana. Mai zane ne ni, amma wawa.

Nettie, in akwai wani tsinken saƙarta da ba kya amfani da shi, ki ajiye mini ɗaya.

Ishbel, kifin nan uku sun yi kyau. Yanzu saura ɗaya.

Kawunku,
Hector

Portgarvie,
12 ga Maris, 1971

Kawu,

KAKA TANA DA RAI. Na fara da wannan kafin gaisuwa, ka yafe mini. Tana da rai, ta warke, yau da safe ma ƙwai biyu ta ci, ta yi wa Mama faɗa a kan na ukun da ya fashe. Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya, in har za ka iya zama lafiya bayan abin da na yi maka.

Kawu, wallahi ban sani ba. Ka ce na mace a allo mai tsini ake yi, na duba duk garin nan ban ga na mace ba sai na coci. Na ɗauka haka ake yi wa kowace mace, da baƙin da komai. Na je kabad ɗin makaranta na tarar 'yan aji sun kwashe fararen kwalaye, saura baƙi, har na yi murna. Matan da suka cika gida kuwa toye-toyen bikin 'yar maƙwabta suke yi, don murhunmu ya fi girma. Abin da na ce za ka gane kifin ne, ku uku. Mako shida kana makoki saboda ni. Duk sanda na tuna sai in rufe fuskata.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don ya kamata ka sani.

An janye yajin aikin ranar Litinin. Jiya Alhamis da hantsi mai kawo wasiƙu ya zo da jaka kamar ta dankali. Kaka tana bakin ƙofa tana shan rana, lulluɓe da mayafi. Ita ya miƙa wa. Ta shigo kicin tana juya ambulan ɗin, ta ce, "Nettie, bakinsa baƙi ne. An yi mutuwa." Sai ta kai shi kusa da idonta. Ta gane rubutunka.

Ta ce, "Ishbel, zo nan. Ke ce mai sakandare. Karanta."

Na buɗe, idona ya faɗa kan layin farko, na kasa motsi.

Ta ce, "To? Kin haɗiye harshen ne? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ke ce, Kaka."

Mama ta saki cokali a ƙasa. Kaka ta dube ni, ta dubi Mama, ta ce, "Ni? Yaushe? Kuma aka bar ni ina ta wanke muku kwanuka ba wanda ya gaya mini?"

Dole na faɗi komai a tsaye: gwangwanin biskit, da wasiƙun, da baƙin kwalin. Na jira ta tashi da faɗa. Sai kawai ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki saƙarta, ta ce, "Ci gaba. Ba kowa ke samun jin ta'aziyyarsa da kunnensa ba. Mu ji ko an yabe ni."

Na karanta. Da na zo wurin kunu ta ce, "Ƙarya yake yi, shi ne bai san daɗin abinci ba." Da na zo wurin biri ta ce, "Nan kam ya faɗi gaskiya." Mama tana dariya tana share ido da bayan hannu, duk garin fulawa ya ɓata mata fuska.

Da na zo wurin hannun riga, sai na ji ƙarar tsinkayen ta tsaya. Ka san ba ta tsayawa, ko da fasto take magana.

Ta ce, "Sake karanta wurin nan."

Na sake.

Ta ajiye saƙar a kan tebur, ta tashi ta fita bayan gida inda ake shanya taru. Mama ta ce kada in bi ta. Ta taga muna ganinta, tana tsaye tana kallon teku, iska tana kaɗa mayafin. Shayin da Mama ta zuba mata har ya huce.

Da ta dawo idonta ja ne. Ta ce, "Shekara arba'in da uku sakaran nan yana ɗauke da hannun riga? Me ya hana shi tambaya?" Mama ta ce, "Inna, ke kika rufe masa ƙofa." Ta ce, "Na sani, Nettie. Ina wurin." Daga nan ta ce in kawo mata takarda da alƙalami. Na ce zan rubuta mata, ta ce a'a, wannan ba ta aike ba ce. Tun azahar take yi har aka kira cin abincin yamma, ta yaga uku. Ga ta huɗun a cikin ambulan. Ban karanta ba.

Malama Geddes ta samo mini farin kwali. Kaka ta ce in nuna mata zanen. Ta daɗe tana duba, ta ɗora yatsa a kan kifin tsakiya ta ce, "Wannan ramammen shi ne Hector." Ni kuwa iri ɗaya na zana su duka.

Tsayuwar zaure ta daina ba ni tsoro. Wanda ya karanta wa kakarsa ta'aziyyarta a kicin, ban ga abin da iyayen yara za su yi masa ba.

Ka yafe mini.

Taka,
Ishbel

Hector,

Ban mutu ba. Ka mayar da baƙar rigar cikin akwati.

Kai mai fenti ne, ba ka san saƙa ba. Hannun suwaita daga kafaɗa ake saƙo shi zuwa ƙasa, don in bakin ya cinye a warware a sake. Da na ga rigar a kan gado da safen ranar, na warware bakin hannayen biyu, na rage su, na sake ɗaurewa kafin jirgi ya tashi. Ni na sa masa ita da hannuna. Daidai wuyan hannunsa ta tsaya. Yatsunsa a waje suke. Ruwan ne ya fi ƙarfinsa, ba rigarka ba.

Tunda ka faɗi naka, ga nawa. Baba ya so ya ɗauko wani mutum daga garin gaba ya tsaya a gurbinka. Ni na ce masa ga Wattie nan, ya girma, kada a ce gidan Coull sun rasa namiji. Ni na faɗa. Da ka tsaya a ƙofa a watan Disamba, na ga in ban ɗora maka ba, ni zan ɗauka. Na ɗora maka. Bai rage mini komai ba.

Katunanka suna nan. Jiragen da kake zanawa duk sun fi na gaske tsabta.

Ka zo da bazara. Sunan Wattie a dutsen tunawa na tashar jirage ya goge, ka taho da buroshinka. Tsinken saƙata ba za ka samu ba, ina aiki da su. Ka aiko mini da awon hannunka, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu.

Yayarka,
Mina

Halifax,
24 ga Maris, 1971

Mina, da Ishbel,

Ina gaishe ku duka, da Nettie da mai gidanta. Lafiyata lau. Na karanta takardun a shago, na rufe shagon, na fita na yi ta tafiya a bakin ruwa har gwiwar ta tuna mini da kanta.

Ishbel, babu abin yafewa. Na fi shekara arba'in ina zana tambari bisa ƙa'ida, ban taɓa yin wanda ya yi aikin da naki ya yi ba. Kifin uku ki bar su yadda suke, farare a kan shuɗi, tsinkayen kuma rawaya. Baƙin kwalin kada ki yar, ki ajiye mini shi. Ranar zaure ki tsaya ki ce musu: wannan kifi, wannan tsinken saƙa, ga masu su. Ya isa.

Mina, layi ɗaya na roƙa, kin aiko mini shafi guda. Wattie da kansa ya so tafiyar nan, kin sani, tun yana ɗan shekara goma yake roƙon Baba. Sauran maganar sai na zo, a kicin, ba a takarda ba. Na kama wuri a jirgin da zai tashi sha biyu ga Yuni. Buroshin suna cikin jaka tun jiya. Ki rage gishirin.

Ban yarda da awon magwajina ba, duk fenti ya cinye lambobin. Ga zare nan a cikin ambulan, na yanke shi daidai daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. In ya yi miki tsawo, ba kuskure ba ne. Hannun ne har yanzu bai ragu ba.

Ƙanenki,
Hector